Shekara Bakwai Ana Koyon Ingilishi, Baki Bai Buɗe Ba

Ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na lise a Tahoua ya yi shekara bakwai yana koyon Ingilishi, tun daga ajin farko na kwaleji. Yana karanta dogon rubutu, yana amsa tambayoyin nahawu. Amma a zaunar da shi cikin mutum biyar a ce su tattauna, sai harshe ya yi nauyi. Mutum ɗaya ya mamaye zancen, sauran su zuba ido.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Tun watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Su kuwa Adarawa, masu cin rani har Ghana, masu kai albasar Galmi Sakkwato ta Birnin Ƙonni, sun daɗe da sanin amfanin Ingilishi.

Maganin yana bakin titi. A kowace fada ta Tahoua, wato majalisar hira da shan shayi, kafin a sauke shayi na uku, samari sun yi gardama kan kokowa ko farashin hatsi, kowa ya san lokacin da zai karɓi magana da yadda zai musa wa na gaba da shi ba tare da raini ba. Abin da ɗalibi ya rasa shi ne kalmomin yin haka da Ingilishi: yadda ake katse mutum cikin ladabi, a nemi ƙarin bayani, a jawo wanda ya yi shiru. Ana iya koyar da su kamar kowane darasi.

Sauran aikin na malami ne. Ya raba aji rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar, ya ba su batun da suka sani ciki da waje, kamar rikicin manoma da makiyaya a wajen Abalak ko kamun kifi a tafkin Tabalak. Ya riƙe gyara sai an gama, domin wanda aka tsayar a tsakiyar jimla ba ya sake buɗe baki.

Wuri ɗaya fada ba za ta zama abin koyi ba: zaman maza ne. A aji, ko a Jami'ar Djibo Hamani, wajibi ne jagorancin rukuni ya riƙa zagayawa har ya kai ga ƴan mata.