Berea: Kwalejin da malamin kasuwanci ke fara tsayawa bakin kanta kafin ya riƙe alli

Baƙon da ya sauka a otel ɗin Boone Tavern, a tsakiyar garin Berea na jihar Kentucky a Amurka, da wuya ya gane nan take cewa budurwar da ta miƙa masa makullin ɗaki da saurayin da ya kawo masa abinci ɗalibai ne. Da sun tashi aiki, aji za su koma. Otel ɗin mallakar kwalejin garin ne, an buɗe shi a 1909, kuma har yau da yawa daga ma'aikatansa ɗalibai ne.

Kwalejin Berea ƙarama ce, ɗalibanta kusan 1,500. Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu a hannun ɗalibi, kuma ƴaƴan masu ƙaramin ƙarfi kaɗai take ɗauka. Galibin kuɗin da take tafiyar da lamuranta na fitowa ne daga ribar wani asusu na gudummawa da ya haura dala biliyan ɗaya. Sharaɗinta guda ne da ba a ɗaga wa kowa: kowane ɗalibi sai ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako.

Asalin makarantar

Wani malamin coci mai suna John G. Fee ne ya kafa ta a 1855. Mahaifinsa mai bayi ne, amma shi ya yi imani cewa bautar da ɗan Adam zunubi ne, ya kuma dage sai baƙi da fari, mace da namiji, sun zauna aji ɗaya. A 1859 masu goyon bayan bauta suka kore shi da mutanensa daga yankin. Bayan yaƙin basasar Amurka aka sake buɗe makarantar, a 1866 tana da ɗalibai baƙar fata 96 da farar fata 91.

A 1904 jihar Kentucky ta yi dokar da ta haramta haɗa jinsunan biyu a makaranta. Kwalejin ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta faɗi a 1908, sai a 1950 baƙar fata suka samu damar dawowa. Har yanzu tana kiran kanta makarantar Kirista, sai dai ba ta ƙarƙashin wata ɗarika, kuma tana ɗaukar mabiya kowane addini.

Horar da malamai tsohuwar sana'arta ce. Shekara da shekaru tana yaye malaman da ke komawa ƙauyukan tsaunukan Appalachia, ɗaya daga yankunan da talauci ya fi yi wa katutu a Amurka. Carter G. Woodson, wanda ya gama a 1903, malamin makaranta ne kafin ya shahara a rubuta tarihin baƙar fata.

Aji da wurin aiki

Ɗalibin da ya zaɓi fannin kasuwanci yana karatun da ake yi ko'ina: lissafin kuɗi, tattalin arziki, dabarun talla da tafiyar da kamfani. Abin da ya bambanta shi shi ne yana da inda zai gwada abin da ya ji a aji tun kafin rana ta faɗi.

Ban da otel, kwalejin na da gona da shagon sayar da amfaninta, da masana'antar hannu inda ɗalibai ke saƙa, sassaƙa, ginin tukwane da ɗaurin tsintsiya, ana sayar wa jama'a. Wani zai ƙididdige abin da aka kashe kafin a sa farashi, wani zai lura da kayan da suka kwanta a shago, wani kuma zai fuskanci mai saye da ya zo da ƙorafi. Gani ya kori ji.

A shekarar farko makaranta ce ke ba ɗalibi aiki. Daga nan shi zai nema da kansa, kamar yadda ake neman aiki a waje. Ayyukan hawa-hawa ne, wanda ya nuna ƙwazo yakan kai ga shugabantar ƴan uwansa. Ana biyan shi ɗan albashi, ana auna aikinsa, kuma in ya gama yana fita da takarda biyu: ta sakamakon karatu da ta tarihin aikin da ya yi.

Ga mai sha'awar koyarwa, akwai aikin da ya fi dacewa da shi: mataimakin malami. Ɗalibin da ya ƙware a wani darasi yakan zauna da na bayansa yana warware musu abin da ya shige musu duhu. A nan yake gane cewa iya lissafi daban, iya fahimtar da wani daban. Akwai kuma shirin lokacin hutu mai suna Entrepreneurship for the Public Good, inda ɗalibai ke shiga garuruwan yankin suna nazarin yadda ƙananan sana'o'i za su amfani jama'a.

Hanya ba ta ƙare a nan ba. A Amurka digiri kaɗai bai isa mutum ya koyar a makarantar gwamnati ba, sai da lasisin jiha. A Kentucky wannan na nufin gwajin koyarwa na tsawon zango a ƙarƙashin gogaggen malami, da cin jarrabawar Praxis. Mai son koyarwa a jami'a kuwa sai ya ƙara digiri na biyu ko na uku.

Me ya shafi ƴan Nijar?

Berea na ɗaukar ɗalibai kaɗan daga ƙasashen waje kowace shekara, tana ɗauke musu nauyin karatu. Gurbin ƙalilan ne, masu nema da yawa, kuma sai an nuna shaidar iya Ingilishi, abin da ba ƙaramin shinge ba ne ga wanda ya yi bakaloreya da Faransanci. Ga shi kuma tun 2025 Amurka ta tsaurara ba ƴan Nijar biza. Waɗanda ƙofar ta fi kusa da su su ne ƴaƴan ƴan ƙasarmu mazauna can, ko da yake kwalejin ta fi fifita ƴan Kentucky da Appalachia.

Ga mu da ke gida, tsarin ne abin dubawa. A Maraɗi, yaron shago na koyon ciniki a hannun ubangidansa shekaru kafin a sallame shi da jari, amma sau da yawa bai san rubuta lissafi ba. Ɗan lakol ya san rubutun, amma yana iya gama karatu bai taɓa sayar da ko ashana ba, kuma daga cikin irinsu ake samun malaman gobe. Kanti ɗaya a harabar makaranta, wanda ɗalibai za su riƙe littafinsa su ba da bahasin riba da faɗuwa a ƙarshen wata, ba ya buƙatar dala biliyan ɗaya.