Ɗaukar hoto bayan magariba: gwajin sabon shiga a Gidan Sori

A Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, kamar sauran garuruwan Gobir, galibin abin da ya cancanci a ɗauki hotonsa sai rana ta faɗi yake somawa. Kiɗan biki, tashen yara cikin watan azumi, hirar teburin mai shayi, karatun almajirai kewaye da wuta, duk na dare ne. Yanzu da wayar salula mai kamara ta shiga aljihun samari, da yawansu suna son mai da abin sana'a. Amma wanda ya gwada a karon farko yakan sami baƙin fili kawai, ko kuwa fuskoki sun jirkice kamar an shafa su da hannu. In hoton bikin wani ne, ga asarar kuɗi, ga jin kunya, domin ba a maimaita daren kai amarya.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kamara ba ta ganin kome sai hasken da ya shiga cikinta, kuma abu uku ke hukunta wannan: faɗin ƙofar gilashinta, tsawon lokacin da ƙofar take buɗe, da ƙarfin jin haske, wanda masu fim suka sani da ASA, yau ake ce masa ISO. Da rana ƙofar takan buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa. Da dare kuwa tana bukatar rabin daƙiƙa, ko daƙiƙa guda, ko fiye. Hannun ɗan Adam, kome natsuwarsa, da wuya ya riƙe kamara ba rawa in lokacin ya zarce kashi ɗaya bisa 30. Ɗaga ISO daga 100 zuwa 200 yana rage lokacin da rabi, daga 200 zuwa 400 ya sake ragewa da rabi, sai dai duk sa'ad da aka ɗaga, hoton yana ƙara yin tsaki-tsaki kamar garin da ba a tankaɗe ba.

Abin da sabon shiga ke fara rugawa gare shi shi ne filas. A ganinmu nan ne aka fi ɓata hoto. Hasken filas yana raguwa da sauri ƙwarai: mutumin da ke mita 4 rubu'in abin da na mita 2 ya samu kawai yake samu. Shi ya sa za ka ga na gaba ya yi fari fat, makaɗan da ke bayansa sun nutse cikin duhu. A lokacin hunturu kuma, ko a dandalin da ƙafafun masu rawa suka tada ƙura, filas yakan bugi ƙurar da ke gaban gilashi, hoton ya fito da fararen ɗigo-ɗigo.

Gwajin da ya fi amfani bai bukatar ko dala. A kashe filas, a kife turmi ko a sami buhun gero, a jingine wayar ta zauna daram, a sa mata agogon daƙiƙa 3 don kada taɓin yatsa ya girgiza ta. Sa'an nan a matso da mutum kusa da hasken da ke wurin, ya bugo masa fuska daga gefe. Wutar kara da fitilar ƙwai suna ba da ja-ja mai daɗin kallo, tocila da fitilar sola kuwa fari mai sirkin shuɗi. In aka haɗa su kan fuska ɗaya, launin ba ya daidaita. Wannan dabara tana maganin rawar hannu, ba ta maganin motsin wanda ake ɗauka. Mai shayi zai iya tsayawa daƙiƙa biyu, amma wa zai ce wa mai kalangu ya tsaya? A nan sai a jira gaɓar da kiɗa ya ɗan lafa.

Wayoyin zamani sun zo da abin da ake kira yanayin dare. Kamfanin Google ya fitar da nasa a 2018, Apple a 2019, yau ana samunsa har a wasu wayoyin Tecno da Infinix da ƴan kasuwarmu ke sayarwa. Wayar tana ɗaukar hotuna da dama a jere, ta haɗe su su zama ɗaya. Wanda ya sauke hannu kafin ta gama ya ɓata aikin.

Na baya ba su sami wannan gata ba. Marigayi Philippe Koudjina, wanda ya rasu a Yamai a 2014, ya yi suna da hotunan dare na wuraren shaƙatawar babban birnin a shekarun 1960 da 1970. A Bamako, Malick Sidibé ya bi bukukuwan samari da ƴan mata dare bayan dare, har aka ba shi babbar lambar yabo a Banis ta ƙasar Italiya a 2007. Da filas suka yi aiki, amma sun san iyakarsa, suna matsawa kusa. Fim ɗinsu bai wuce hoto 36 ba, kuma ba su ganin sakamako sai an wanke. Ɗan koyo na yau yana iya gwadawa sau ɗari cikin dare guda, ya share.

Duhun ƙauye ma yana da ranarsa. Inda babu fitilun titi, taurari suna fitowa ras a hoto in kamara tana yarda a buɗe ta daƙiƙa 15 zuwa 20. Fiye da haka sai su soma jan layi, saboda juyawar duniya. Kaza da Ƴaƴanta takan bayyana da wuri a daren sanyi. Farin wata na daren 14, ko da yake haskensa ya gaza na rana kamar sau dubu 400, ya isa a ɗauki rumbuna da itatuwan gawo in an yi haƙuri. Irin wannan aiki yana cin batir, don haka a yi caji tun da rana. Wutar jihar da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa an taɓa yanke ta daga Agustan 2023 har Maris na 2024.

Saura batun da ya fi kamara nauyi. Tun wajen 2019 gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa suke fama da ƴan bindiga masu satar mutane da shanu ta kan iyaka. Baƙon da aka gani da dare a bayan gari yana haska wuta, ba za a fara tambayarsa ISO nawa ya sa ba. Mai son hoton taurari ya sanar da mai gari, ya tafi da ɗan gari, kada ya yi nisa da gidaje, kada kuma ya juya kamara wajen jami'an tsaro. A gidan biki, izinin mai gida bai wadatar ba a ɓangaren mata. Sai an tambayi uwar biki, kuma a yi yarjejeniya tun farko kan ko hoton zai shiga WhatsApp ko a'a.