Tayar Arha Ko Mai Tsada?

Akwai wata irin mota da Turawa suke ƙerawa domin gudu, kamar su Porsche ta Jamus da Ferrari ta Italiya. Yawancinmu ba za mu mallaki irinta ba; da albashinmu na malanta ko fitilarta ba ma iya saye. Amma gardamar da masu ita suke yi a kan taya ta shafe mu, gama mu ma mukan ɗauki iyali a mota.

Ga taya ta Michelin ko Pirelli mai tsada, ga kuma wata mai arha, girmansu ɗaya, baƙinsu ɗaya. Don me mutum zai biya ninki biyu?

Sai mu tuna, kome ƙarfin inji, abin da yake taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannu da yawa ba. A kan wannan ɗan wuri birki da sitiyari suke dogara. In ana tafiya a hankali bisa busasshiyar kwalta, da wuya a ga bambanci. Ranar ruwan sama asiri yake tonuwa. Tun 2012 Tarayyar Turai ta tilasta a manna wa sabuwar taya takarda mai nuna yadda take riƙe jiƙaƙƙiyar hanya. A gudun kilomita 80 cikin awa, tsakanin ta ajin farko da ta ajin ƙarshe ana iya samun ratar wajen mita 18 kafin mota ta tsaya. Wannan kuwa tsawon motoci huɗu ne, kuma yaro yana iya kasancewa cikin ratar.

A jikin kowace taya akwai harafi mai nuna iyakar gudun da za ta jure: T kilomita 190, H 210, V 240, W 270, Y 300. Gudu yana kawo zafi, zafin kuwa shi yake raba roba da wayoyin da ke ciki, taya ta fashe. Porsche ma har sa alamar N take yi a kan tayoyin da ta gwada ta amince da su. Wanda ya sayi irin wannan mota sa'an nan ya sa mata tayar arha, a ganinmu ya sayi doki ne ya ɗaura masa linzamin igiyar rama.

Mu masu tsohuwar Peugeot ko Toyota ba mu bukatar Y. Sabuwar taya mai matsakaicin kuɗi, wadda harafinta bai gaza abin da littafin mota ya faɗa ba, ta ishe mu.

Haɗarinmu yana wani wuri dabam. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta bi baya a Ikeja a 2008, daga waje tayoyinmu suke zuwa, 'yan gwanjo kuwa sun cika kasuwa. Sau da yawa mukan ga zane bai cinye ba, mu ce mun yi tsintuwa. Amma roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Michelin da kanta ta ce a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta cika 5, a cire ta in ta kai 10.

Kafin mu fara ciniki, mu sunkuya mu nemi rubutun DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne lokacin da aka yi ta: 2319 yana nufin mako na 23 a shekarar 2019. In mun ga an kankare wurin, mu wuce rumfa ta gaba.