Batir ɗin jirgin masunta

Yara, daga Zongo zuwa bakin kogin Isa ba nisa. Can masunta ke ɗaure jiragensu. Akwai wani ƙaramin injin jirgi mai aiki da batir. Ba ya ƙara, saboda haka kifi ba ya gudu.

To, wane batir za a saya? Na mota bai dace ba. Aikinsa tada inji ne kawai. In ana zuƙe shi kullum, da wuri yake mutuwa. Gara irin na sola, mai ba da wuta sannu-sannu.

Ga lissafi. Batir ya tara ampa-awa 100, inji yana cin ampa 20: awa 5 ke nan a kan allo. Amma batir mai darma, rabinsa kaɗai ake sha. Awa nawa suka rage?

Shi ya sa ya kamata masunci ya fara haurawa sama. In wuta ta ƙare, ruwa ya maido shi gida.