Yadda waya ke daidaita sandar kwalekwale a Tafkin Kainji

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, fetur ɗin inji ke cinye ribar masunta a Yauri da Warra. Iska kuwa kyauta ce ga kwalekwalen da aka kafa wa ƙyalle.

Matsalar tana wajen sanda. Igiya uku ke riƙe ta: ɗaya gaba, biyu a gefuna, sun ɗan koma baya. In ɗaya ta fi ɗaurewa, sandar ta karkace, kuma iskar hunturu na iya karya ta a tsakiyar tafki.

Manhajar awon karkata tana maganin wannan. A jingina wayar da sandar lokacin da ruwa ya kwanta kuma kaya suka daidaita, za ta nuna igiyar da za a sassauta. Igiyar nailan dai tana miƙewa in ta jiƙe, sai an sake awo.