Hawa saman Google: abin da ke gaskiya da abin da ba haka ba ga sana'o'in Aguié, Gazawa da Gidan Rumji

Tun da wayoyin zamani suka yawaita a kasuwannin jihar Maradi, maganganu iri biyu suka shiga bakin 'yan kasuwa game da yadda sunan sana'a ke fitowa a Google. Wasu na cewa akwai dabara guda, wadda masana kwamfuta ke kira SEO, da idan mutum ya biya aka yi masa ita sunansa zai hau sama, ko aya yake sayarwa a Cadawa, ko masauki gare shi a Gidan Rumji, ko shagon magani a Gazawa. Wasu kuma na cewa duk ɓata kuɗi ne a ƙasar da ciniki ke tafiya ta bakin dillali da saƙon murya. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, sai dai kuskurensu ɗaya: sun jefa sana'o'i duka cikin kwando guda. Aikin injin bincike amsa tambaya ne, kuma mai tambayar farashin tan goma na aya daban yake da mai neman inda zai kwana yau da dare. Abin da ya kamata kowace sana'a ta fara gyarawa ya dogara ne ga wanda ke nemanta, da inda yake tsaye lokacin da yake nema.

Zancen biyan kuɗi shi ya fi yaɗuwa. Gaskiya ne Google na sayar da gurbin talla a saman shafi, kuma yana yi wa gurbin alamar cewa talla ce. Ranar da kuɗin ya ƙare, sunan ya sauka. Amma jerin sakamakon da ke ƙarƙashin tallar ba na sayarwa ba ne, kamfanin da kansa ya sha faɗa cewa sayen talla ba ya ɗaga shafi a wannan jeri, kuma babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na farko. Haka zancen cewa a yi ta maimaita kalma ɗaya sau ɗari a shafi, ko a sayi mahaɗai daga shafukan bogi. Waɗannan dabaru sun taɓa yin aiki, shi ya sa har yau ake tallarsu, amma tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da jerin kalmomin da ake ɓoyewa a kan shafi, a 2011 ya fito da gyaran Panda kan shafuka marasa abin kirki a ciki, a 2012 kuma gyaran Penguin kan mahaɗan saye.

Inda bambancin sana'o'i ya fi fitowa fili shi ne zancen cewa dole kowa ya buɗe shafin intanet. A dubi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji, ta wuce ta Maradi, Cadawa, Aguié da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram. Bakanike, mai faci, mai gidan abinci, gidan mai da masaukin baƙi da ke bakin wannan hanya, baƙon da ke nemansu direba ne ko ma'aikacin da aiki ya kawo, kuma taswira yake dubawa a wayarsa. A irin wannan bincike Google ya ce abu uku yake aunawa: dacewar sana'ar da abin da aka nema, kusancinta da mai nema, da kuma shahararta. Saboda haka abin da ya fi wa mai masauki amfani shi ne ya yi rajistar wurinsa a taswirar, wadda kyauta ce, ya dasa alamar daidai ƙofar gidan, ya sa lambar da ake ɗagawa, lokacin buɗewa, hotunan ɗakuna na ainihi, ya kuma roƙi baƙin da suka ji daɗi su rubuta ra'ayinsu. Akwai wani abu da ya shafi yankinmu musamman: gari ɗaya yana da rubutu biyu, Guidan Roumdji a takardun hukuma da taswira, Gidan Rumji a rubutun Hausa, haka Gazaoua da Gazawa. Wanda ya rubuta adireshinsa yau haka gobe haka yana rikita na'urar da mai nema baki ɗaya. Gara adireshi ya bi rubutun taswira, bayanin sana'a kuma ya ambaci ɗayan.

Ƙungiyar manoman aya ta Aguié ko ta Cadawa tana cikin wani hali dabam, domin kusanci ba ya cikin lissafinta. Nijar na cikin manyan ƙasashen da ke noman aya, jihar Maradi ce cibiyar nomanta, kuma ayar na tafiya Najeriya, tana kuma kaiwa har Sifaniya, inda mutanen Balansiya ke yin abin shansu na orchata da ita. Mai saye daga Sifaniya bai san Cadawa ba, ba kuma zai rubuta aya ba. Da Sifaniyanci zai rubuta chufa, na Faransa ya rubuta souchet. Ba ra'ayin masu wucewa yake son gani ba, yana son sanin girman ƙwaya, yadda aka tsince ta aka shanya, yawan da ƙungiyar za ta iya haɗawa a kaka ɗaya, watan da kaya ke samuwa, takardar rajistar ƙungiya, da ko an gwada kayan game da gubar aflatoksin, wadda Tarayyar Turai ta ɗora wa iyaka a kayan abinci. A nan shafin intanet na gaske yana da amfani, ko da shafi uku ne kawai, muddin yana ɗauke da waɗannan bayanai cikin harshen mai saye. Ambaton ƙungiyar a shafin wata hukumar noma ko ɗakin 'yan kasuwa ya fi mata mahaɗai dubu na saye. Haka abin yake ga masu riɗi da wake. Aikin da zai wadaci mai masauki a taswira ba zai motsa wa manomin aya komai ba, kuma shafin Faransanci mai tsawo ba zai kawo wa mai faci taya ɗaya ba.

Sana'ar lafiya da ta kuɗi kuwa ma'auninsu ya fi tsauri, kuma daidai ne ya zama haka. Google ya ware batutuwan da kuskure a cikinsu ke iya taɓa rai ko dukiya, yana ba alamun ƙwarewa da amana nauyi na musamman a kansu. A Disamba 2022 ya ƙara gogewar marubuci cikin abubuwan da masu tantance ingancin sakamakonsa ke dubawa. Asibiti mai zaman kansa ko shagon magani ya fara da bayyana ko su wane ne, izinin aikinsu, da ayyukan da suke yi da gaske. Shafin da ke alkawarin warkar da ciwon suga da shawara da basir da kwalba ɗaya na iya yawo a Facebook, amma ba da wannan ake samun amincewar injin bincike ba, kuma uwar da ke neman bayani kan zazzaɓin ɗanta ta cancanci a kare ta daga irinsa.

Ana kuma cewa Google ba ya jin Hausa. Yana ji: tun Disamba 2013 Hausa ta shiga manhajarsa ta fassara, kuma yana tattara shafukan Hausa kamar na kowane harshe. Rubutun Hausa a intanet ne ya yi kaɗan, wannan kuwa dama ce ga mai sayar da iri ko maganin dabbobi da ke son manomi ya same shi, tunda masu gasa ba su da yawa.

Saura ƙorafi mafi ƙarfi, na masu cewa cinikin yankin nan a WhatsApp da ranar kasuwa yake. Sun yi gaskiya game da sana'o'i da dama. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke, Google ba ya karanta su, kuma mai ƙosai ko mai sayar da hatsi tiya-tiya a Gangara ko Cadakori, wadda masu sayen kayanta duk sun san ƙofarta, ba ta da dalilin kashe ko dala a kan injin bincike. Duk wanda ya ce mata dole ne, cin kuɗinta yake so. Amma hujjar ta tsaya ne kan masu sayen da suka riga suka san mai kaya. Baƙon da ya shigo Tibiri lokacin wani biki, ko kamfanin da ke neman sabon mai kawo masa aya, ba su da lambar kowa, bincike suke fara yi, daga nan ne lambar WhatsApp ɗin ke shiga hannunsu. Abu guda kawai ya haɗa duk waɗanda za su buɗe shafi: Google yanzu da sigar waya yake auna shafuka, aikin da ya fara a 2018 ya kammala a 2023, don haka shafi mai nauyin hotuna da ba ya buɗuwa a layi mai rauni na ƙauyukan Saye Sabuwa ko Gidan Sori ya yi asarar mai nema tun kafin ya karanta layin farko.