Jita, Gurmi Da Ilimin Aruli: Shin Karatu Na Kashe Basirar Makaɗi?

Akwai wani ɗan yayata a unguwarmu ta Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, wanda Allah Ya hore wa kunne. Yana sakandare ya sayi tsohuwar jita da ɗan abin da ya tara, kuma babu wanda ya koya masa riƙe ta. Sai dai ya saurari kiɗan gurmi ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, ya yi ta lalube a kan tsirkiya har ya gano inda muryar take. Idan yana kaɗawa da yamma, ko dattijon da bai ɗauki jita a bakin komai ba sai ya rage sauri.

Bara ya fara bin darussan ƙa'idojin kiɗa a YouTube. Ya koyi sunayen muryoyi, ya koyi danne tsirkiya uku ko huɗu su yi amo tare, ya haddace wane haɗi ke bin wane. Bayan 'yan watanni na sake sauraronsa, sai na ji kiɗa tsaf babu tuntuɓe, amma ba nasa ba. Da na tambaye shi ina tsohon kiɗan, sai ya ce: "Kawu, ashe duk kuskure nake yi." Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Masu cewa karatu na dakusar da basira suna da hujja. Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya. Ali Farka Toure na Mali ya fara da kayan kiɗan gargajiya, sannan ya kwashe muryarsu ya ɗora wa jita. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Babu ɗayansu da ya koyi kiɗa a aji.

Sai dai rashin aji ba shi ne rashin ƙa'ida ba. Yaron makaɗi a ƙasar Hausa yakan shekara da shekaru yana ɗaukar kaya, yana amshi, har ya san inda jagora ke ajiyewa da inda 'yan amshi ke karɓa. Karatu ne wannan, illa dai allonsa kunne ne.

To, ina gizo yake saƙa? Darussan da ɗan nawa ya bi an tsamo su ne daga kiɗan Turai, wanda tsaninsa ke da matakai 7 da aka zaɓo daga cikin 12, kuma bisa wannan lissafi aka jera ƙarafan da ke wuyan jita. Mafi yawan kiɗanmu kuwa a kan matakai 5 yake tafiya, armashinsa na cikin bugu da maimaici mai ɗan sauyi. Sannan yana bin karin harshe, domin a Hausa hawa da saukar murya ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Wuyan gurmi ba shi da ƙarafa, yatsa na zamewa ya sauka inda maganar ta sauka. Abin da yaron ke nema ke nan lokacin da yake jan tsirkiya gefe da yatsa, shi ne kuma aka sa ya ɗauka kuskure ne. Ya auna hatsinsa da mudun wata kasuwa.

Mu da muka tashi a ƙasar Gwandu muna da abin koyi a gida. Ilimin aruli bai riga waƙa zuwa duniya ba. Khalil bn Ahmad na Basra, a ƙarni na 8, ya tarar Larabawa sun daɗe suna waƙa, sai ya saurara, ya fitar da ma'aunai 15 daga abin da ya ji. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ƙware a nahawu da aruli, har nahawun ma ya waƙe shi, amma wanda ya karanta ƙasidun da ke cikin Tazyinul Waraƙati ya san ilimin bai busar masa da zuciya ba. Dalili kuwa shi ne ƙa'idar da ya koya daga cikin harshen da yake waƙa da shi aka ciro ta.

Saboda haka ba na cikin masu cewa matashi ya guji karatun kiɗa. Wanda ya san ƙa'ida zai iya sauke kiɗa ko ɗaga shi daidai da muryar mawaƙi, zai fahimci mai fiyano idan sun haɗu a situdiyo, zai kuma kuɓuta daga wuri ɗaya da yatsunsa suka saba komawa. Uwa uba, zai iya rubuta abin da ya ji don kada ya bi mai shi kabari.

A nan ne nauyi ya hau kanmu malaman jami'a. An yi aiki mai yawa a kan jigo da salon waƙar baka, musamman abin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta, kuma tun 1971 Ames da King suka tattara kalmomin kiɗan Hausa. Amma shi amon kansa yana jiran masu auna shi. Ga bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Makaɗan da ke zuga masunta daga cikin kwalekwale a Matan Fada littafi ne a buɗe. Me zai hana ɗalibanmu su naɗi kiɗansu, su ƙirga matakansa, su raɗa musu sunaye da Hausa?

Shi dai ɗan nawa ban hana shi darasinsa ba. Na ce ya ɗauki waƙar Ɗan Maraya guda ɗaya, ya yi amfani da abin da ya koya ya ƙirga muryoyin da ke cikinta, ya dubi inda suka saɓa wa littafi. Makon jiya na ji shi yana sake jan tsirkiyar nan gefe. Hannun bai gama sakewa kamar da ba, amma ya daina kiran abin kuskure. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.